An Ƙi Ba Maigida Kuɗin Naƙasa a Amurka: Wa Ya Yanke Hukuncin, Me Ya Duba?

Wata baiwar Allah daga unguwar Zariya, nan Maradi, ta aiko mini da tambaya. Ga ta a taƙaice: "Maigidana yana birnin Niyok shekara 19. Ya yi tuƙin tasi, daga baya ya koma aikin lodi a wani babban sito. Shekarunsa 52. Bara aka yi masa aiki a gadon baya, ga ciwon suga, ƙafafunsa ba ya jin su sosai. Ya nemi kuɗin da gwamnati ke ba wanda ciwo ya hana shi aiki, ya jira wata bakwai, sai takarda ta zo cewa an ƙi. Ya ce likitan da suka tura shi wurinsa ko minti ashirin bai yi da shi ba. Don shi baƙo ne? Ko rabin kuɗin ba za a ba shi ba? Ni dai ina ganin ya tattaro ya dawo gida."

Hajiya, sannu da haƙuri. Allah ya ba maigida lafiya, ya sa kaffara ne. Na yi shekaru ina aikin tafinta a can, tsakanin mutanenmu da ofisoshin da ke wannan aiki. Na zauna a ɗakin likita, na zauna a gaban alƙali, na taya mutane cika takardun da ake maganarsu, kafin in dawo gida. Zan faɗa miki yadda abin ke tafiya, don ina ganin maganar maigida ba ta mutu ba, amma akwai kwanaki da ake ƙirgawa.

Baƙunta dai ba ita ce ta jawo ba, muddin yana zaune da takardun halal kuma an riƙa cire masa haraji daga albashi. A matakin farko, kusan biyu cikin uku na masu nema ana ƙi musu, har da waɗanda aka haifa a ƙasar. Takardar da ya samu irinta ce mafi yawan mutane ke fara samu.

Abin da zai ba ki mamaki shi ne, wanda ya yanke wa maigida hukunci bai taɓa ganin fuskarsa ba. Hukumar tarayya mai suna SSA ita ke riƙe da kuɗin. Ofishinta na unguwa yana karɓar takardar nema, ya duba shekarun aiki da takardun zama, sannan ya tura dosiye zuwa wani ofishi na jiha da ake kira DDS. A can akwai ma'aikaci mai tantancewa. Ba likita ba ne, mutum ne da aka koya wa karanta takardun asibiti da dokokin hukumar. Shi ke rubuta wa asibitoci su aiko da abin da suke da shi, shi ke aiko wa mai nema da takardun tambayoyi. Yana aiki tare da wani likita na ofishin, wanda shi ma takarda kawai yake karantawa. Su biyun ne ke sa hannu. Likitan minti ashirin da maigida ke jin haushi ba shi ya ƙi ba. Idan mai tantancewa ya ga takardun asibiti ba su isa ba, ko sun tsufa, sai ya biya wani likita na waje ya duba mutum sau ɗaya ya rubuto rahoto. Wannan likita ba ya ba da magani, ba ya yanke hukunci. Rahotonsa takarda ɗaya ce cikin tarin takardu, sai dai takan yi nauyi idan sauran dosiyen ba shi da ƙwari.

To, tun da takarda ce ke magana a madadin mutum, duk abin da bai shiga takarda ba, a wurinsu bai faru ba. Ki riƙe wannan, don kusan duk abin da zan faɗa daga nan yake fitowa.

Maganar rabin kuɗi kuwa, na san inda kika samo ta. A nan Nijar, ma'aikacin da ke ƙarƙashin asusun CNSS idan ya yi hatsari a wurin aiki, likitan asusun yana auna naƙasar da kashi cikin ɗari, a biya shi gwargwadon haka. Ko fanshon naƙasa na wanda ciwo ya kayar, ma'auninsa shi ne mutum ya rasa kashi biyu cikin uku na ƙarfin neman kuɗinsa. Tsarin da nake zaton maigida ya nema, wanda ake kira SSDI, da aka kafa a 1956, ba ya aiki da kashi. Ko dai a ce mutum ya naƙasa a ba shi cikakke, ko a ce bai naƙasa ba a hana shi duka. Ma'anar naƙasa a dokarsu kuma mai tsauri ce: ciwo na jiki ko na ƙwaƙwalwa da likita zai iya tabbatarwa, wanda ya hana mutum duk wani aikin da zai samu kuɗi na kirki, kuma ya daɗe wata 12 a jere, ko ana sa ran zai kai haka, ko ana sa ran shi ne ajali. Ki lura, ba aikinsa na da kawai ba. Duk wani aiki.

Kafin a taɓa maganar ciwo ma sai an duba ko ya zuba isasshen haraji. Ana tara maki, huɗu a shekara in an cika. A 2025, duk dalar Amurka 1,810 da mutum ya samu aka biya mata haraji, maki ɗaya ne. Wanda ya kai shekara 31 ana so ya samu maki 20 cikin shekara goma na ƙarshe, wato aikin shekara biyar. A nan ne ƴan uwanmu da yawa masu talla a bakin titi da masu tuƙi ke faɗuwa, don sun yi shekaru suna karɓar kuɗi hannu da hannu ba a rubuta ba. Tun da an kai dosiyen maigida har wurin likita, alama ce ya tsallake wannan.

Mai tantancewa yana bin tambayoyi biyar, a jere, ba ya tsallake ɗaya. Ta farko: yana aiki yanzu? Idan yana samun fiye da dala 1,620 a wata, a lissafin 2025, an rufe magana komai tsananin ciwonsa. Dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta nan ba. A kuɗinmu ya haura jika ɗari takwas, amma a Niyok kuɗin hayar ɗaki kan cinye shi. Ta biyu: ciwon yana rage masa ƙarfin aiki sosai, kuma ya cika sharaɗin wata 12? Wanda aka yi wa aiki a gadon baya galibi ba ya tsayawa a nan.

Ta uku ita ce kundin cututtuka, wanda ake yi wa laƙabi da Shuɗin Littafi. An kasa jikin babban mutum kashi 14 a ciki: ƙashi da gaɓoɓi, ido da kunne, huhu, zuciya, ƙoda, jini, jijiyoyi, ƙwaƙwalwa, da sauransu. Kowane ciwo an rubuta matakin da in ya kai, ba sai an ƙara tambaya ba. Wanda ƙodarsa ta mutu ake yi masa wankin jini a kai a kai ya shiga. Wanda idonsa mai dama-dama, ko da tabarau, bai wuce 20/200 a ma'aunin gani na likitan ido ba, ya shiga. Mai sikila, ciwon da muka sani sarai a gidajenmu, yana shiga idan a cikin wata 12 ya yi tashin ciwo shida da sai da aka yi masa allurar maganin zafi mai ƙarfi, da tazarar aƙalla kwana 30 tsakaninsu. Kin ga ba sunan ciwon ake dubawa ba, matakinsa ake aunawa da lambobi. Ciwon suga shi kaɗai an cire shi daga kundin tun 2011. Yanzu ɓarnar da ya yi ake dubawa, a ido, a ƙoda, a jijiyar ƙafa. Ciwon baya kuma kafin ya cika sharaɗin kundin, galibi sai mutum ya kai ga ba ya tafiya sai da abin dogarawa na hannu biyu, ko abin da ya yi kama da haka. Yawancin waɗanda ake ba kuɗin saboda baya ba ta wannan ƙofa suke shiga ba, don haka kada rashin shiga kundin ya karya muku gwiwa.

Inda shari'ar maigida take shi ne tsakanin tambaya ta uku da ta huɗu. A nan mai tantancewa da likitan ofis ke zama su auna abin da suke kira ragowar ƙarfin aiki, wato abin da mutum zai iya yi awa takwas a yini, kwana biyar a mako, ba yini ɗaya da ya tashi da sauƙi ba. Sun kasa ayyuka gwargwadon nauyi. Aikin zaune: ɗaga abin da bai wuce kilo huɗu da rabi ba, kusan tiya biyu na hatsi, a zauna kamar awa shida, a tsaya ko a yi tafiya kamar awa biyu. Aiki marar nauyi: ɗaga kilo tara jefi-jefi, da tsayuwa ko tafiya kamar awa shida. Matsakaici: kilo 23, kusan bido cike da ruwa. Mai nauyi: kilo 45, ya kusa buhun siminti. Bayan nauyi suna duba sunkuyawa, durƙuso, tsugunno, hawan bene, miƙa hannu sama, riƙe ƙananan abubuwa da yatsu, da ko hankalin mutum yana tsayawa a kan aiki.

Daga ina suke samun amsar waɗannan, tun da ba su gan shi ba? Daga abin da likitocinsa suka rubuta duk ranar da ya je asibiti, da abin da shi ya rubuta da hannunsa a takardar da ke tambayar yadda yake wuni. A nan ne tarbiyyarmu, wadda nake alfahari da ita, take cutar da mu.

Bahaushe idan aka ce masa "yaya jiki?" amsa ɗaya ya sani: "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Ko yana kwance ba ya iya juyawa, haka zai ce. A wurinmu gaisuwa ce da godiya ga Allah, kowa ya san ba rahoton lafiya ba ne. Likitan can bai san haka ba. Yana jin haka sai ya rubuta a kwamfuta cewa majiyyaci ya ce ya samu sauƙi. Wata uku bayan nan a sake, a sake rubutawa. Ranar da dosiye ya isa teburin mai tantancewa, sai ya tarar da shafi goma, kowanne yana cewa mutumin nan yana samun sauƙi, daga bakinsa. Me kike so ya yanke?

Ba zan manta wani dattijo daga yankin Tasawa ba, da na yi wa tafinta a ɗakin likitan da hukuma ta tura shi. A hanyar shiga sai da ya tsaya sau biyu ya dafa bango. Da muka zauna likita ya tambaye shi yaya bayan, ya ce, "Mun gode Allah, da sauƙi." Tafinta ba shi da izinin ƙari ko ragi, abin da aka faɗa shi zan juya. Na juya, zuciyata tana ƙuna. Aka tambaye shi ko yana iya wanka da sa tufafi da kansa, ya ce yana yi. Gaskiya ya faɗa, amma bai faɗi cewa a kan kujera yake wankan ba, kuma ɗan ɗakinsu ke sa masa safa. Da muka fito lokacin azahar ya yi, sai na ga ya jawo kujera ya yi salla a zaune. Na tambaye shi tun yaushe. Ya ce shekara biyu ke nan goshinsa bai taɓa ƙasa ba. Mutumin da ya tashi yana salla tun yana yaro, ya bar ruku'u da sujada shekara biyu, wace shaida ce ta fi wannan a kan cewa ba ya iya sunkuyawa da durƙuso? Amma babu ita a takarda ko ɗaya, don bai taɓa tunanin magana ce ta gaya wa likita ba. An ƙi masa a karon farko. Da aka kai gaban alƙali, bayan likitansa ya rubuta waɗannan abubuwa, aka ba shi.

Hajiya, ki gaya wa maigida, malamanmu sun bambanta tsakanin kuka da ƙaddara da kuma bayyana wa likita ciwo. Na biyun ba rashin haƙuri ba ne, ba rashin godiya ba ne. Ya ce alhamdu lillahi, sannan ya ci gaba da magana. Kuma ya yi ta da awo. "Bayana yana ciwo" ba ya auna komai. Abin da ke aiki shi ne: minti nawa yake iya tsayuwa kafin dole ya zauna, layi nawa na titi yake iya takawa kafin ya huta, minti nawa yake zaune kafin ƙafar ta ɗauke, sau nawa yake kwanciya da rana, yadda yake alwala in ya zo wanke ƙafa, ko ya taɓa faɗuwa don bai ji inda ya taka ba, ko maganin zafin yana sa shi gyangyaɗi. In yana dogara sanda, likita ya rubuta cewa yana bukatarta, don sandar da mutum ya saya da kansa ba ta da nauyi kamar wadda ke cikin takardar asibiti. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, amma sai ya nuna wurin.

Akwai kuma wanda muka fi ɓoyewa duka. Namijin da ya yi shekara 19 yana aiko da kuɗin hatsi da na makarantar yara da na ragon layya, yau ya wayi gari yana kwance a ɗaki a ƙasar wasu, da wuya a ce zuciyarsa lafiya lau take. Rashin barci, yawan tunani, mantuwa, ƙin shiga mutane, duk ciwo ne da dokarsu ta yarda da shi, kuma ana haɗa shi da na jiki a auna gaba ɗaya. Dokar ta ce a duba cututtukan mutum a tare, har da ƙananan. In yana fama da haka ya faɗa wa likitansa. Ke ce za ki fi kowa iya jawo wannan magana daga bakinsa a waya.

Kada kuma a zarce ɗaya gefen. Na ga waɗanda aka ba shawarar su ƙara gishiri, su shiga ɗakin likita suna nishi kamar za su mutu. Mai tantancewa aikinsa ke nan kullum, gwada magana da magana. Idan mutum ya rubuta ba ya iya tafiya ko kaɗan, sai takardar asibiti ta nuna ya zo da ƙafarsa shi kaɗai a jirgin ƙasa, to sauran maganarsa duka ta rasa daraja, har da ta gaskiyar. Yaudarar hukumar kuma laifi ne da ake hukuntawa. Gaskiya cikakkiya ake so, ranar wuya da ranar dama-dama, kowace da yawanta a mako.

Da an gama auna ragowar ƙarfi sai tambaya ta huɗu: zai iya komawa aikin da ya yi a baya? Da shekara 15 ake dubawa, amma tun Yuni 2024 an mayar da shi shekara biyar. In maigida ya bar tasi fiye da haka, tasi ta fita daga lissafi, saura aikin sito. Ya tabbata ya bayyana aikin yadda yake: kwali mafi nauyi kilo nawa, awa nawa a tsaye, sau nawa ake sunkuyawa. Mutanenmu kan rubuta sunan aiki kawai su wuce, sai mai tantancewa ya buɗe kundin sana'o'i na gwamnati, wanda rabon da a sabunta shi tun 1991, ya zaɓi abin da ya ga ya yi kama, wataƙila wanda ya fi sauƙi.

Ta biyar: in ba zai iya na da ba, akwai wani aiki a faɗin ƙasar da zai iya? Ba ruwansu da ko akwai gurbi, ko aikin yana garinsa, ko za a ɗauke shi in ya nema. A nan ake kawo shekaru da karatu da ƙwarewa, kuma a nan nake ganin hasken maganarku. Akwai jadawalin dokoki da ake aiki da shi tun 1979. Wanda bai kai 50 ba, da wuya ƙwarai, don ana ɗauka zai iya koyon aikin zaune. Daga 50 zuwa 54, idan an yarda ragowar ƙarfinsa na aikin zaune ne kawai, ba zai iya aikinsa na da ba, kuma ba shi da wata ƙwarewa da za ta bi shi zuwa aikin tebur, jadawalin da kansa ya ce a ba shi. Amma in aka ce zai iya aiki marar nauyi, ga mai irin shekarunsa da ya iya karatu, jadawalin ya ce a hana, sai ya kai 55 sannan ma'aunin ya sassauta. Maigida yana da 52. Ke nan duk shari'arsa ta rataya a kan tambaya ɗaya: cikin awa takwas, zai iya tsayuwa da tafiya awa shida, ko biyu ne iyakarsa? Ga mai ɗinki a baya da ƙafafun da suga ya taɓa wa jijiya, wannan abu ne da ake iya nunawa da hoton baya, da gwajin jijiya, da rubutun likita a kan yadda yake taka ƙasa. Ya duba takardar ƙin da kyau. Ina kyautata zaton ta ce ba zai iya aikinsa na da ba amma zai iya wanda bai kai shi nauyi ba. In haka ne, kun san inda za ku sa ƙarfi.

Rashin jin Turanci da yana taimakawa a wannan mataki, amma tun Afrilu 2020 an cire shi daga lissafi. Karatun da ya yi a lakkal nan gida ana ƙirga shi, da kowane harshe aka yi. Hukumar dai tana ba da tafinta kyauta ga wanda ya nema. Ya nemi mai jin Hausa, kada ya yi ta fama da guntun Turanci a kan maganar da rayuwarsa ta dogara a kai, kuma kada ya sa yaro ya yi masa, don akwai abin da babba ba ya faɗa a gaban yaro.

Mutane kan ce, ai likitana ya rubuta mini cewa ba zan iya aiki ba. Wannan jimla ita kaɗai ba ta da amfani, don dokar ta ce hukuma ce ke da wannan hukunci. Tun Maris 2017 kuma ba a fifita maganar likitan mutum don kawai shi ke duba shi. Abu biyu ake fi dubawa: ya kafa hujja da abin da ya gani ya gwada, kuma maganarsa ta yi daidai da sauran dosiye? Abin da za a roƙi likitan maigida shi ne ya rubuta iyakoki ɗaya bayan ɗaya, kilo nawa, awa nawa, hutu nawa, kwana nawa a wata ciwon zai hana shi fita, ya kuma faɗi gwajin da ya dogara da shi. A zaman da na halarta, masanin sana'o'in da alƙali ke kira yakan ce mutumin da zai riƙa fashin kwana biyu ko fiye a kowane wata, babu mai riƙe shi a aiki.

Yanzu abin da ya fi gaggawa. Yana da kwana 60 daga ranar da takardar ta iso ya ɗaukaka ƙara, kuma suna ɗauka ta iso kwana biyar bayan ranar da ke rubuce a kanta. Kada ya bari su wuce ya ce zai sake nema daga farko, don yin haka yana iya cinye masa kuɗin watannin baya, kuma inshorarsa ta wannan tsari tana ƙarewa kamar shekara biyar bayan ya daina aiki. Matakin farko na ƙara, wani mai tantancewa daban ne zai sake karanta dosiyen. Kaɗan ne ke nasara a nan, amma dole a bi ta kansa. Na gaba shi ne zama da alƙalin hukumar, kuma ranar ce karo na farko da mai yanke hukunci zai ji muryarsa ya yi masa tambaya. Kusan rabin waɗanda suka kai nan suna samu. Sama da shi akwai majalisar ɗaukaka ƙara ta hukumar, sannan kotun tarayya. Tafiyar takan ci fiye da shekara, ba zan ɓoye miki ba.

Ya nemi lauya ko wakili da ya saba da wannan aiki tun yanzu. Ba a biyan ladansa a gaba. Sai an ci nasara ake cire masa kashi 25 cikin ɗari na kuɗin watannin baya da suka taru, kuma tun ƙarshen Nuwamba 2024 iyakarsa dala 9,200. In ba a samu ba, ba shi da lada, sai ɗan kuɗin kwafin takardu in sun yi yarjejeniyar haka. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi yana da hanya a ciki, a guje shi. In kuma bayan ya lalace ne a wurin lodi, ya gaya wa lauyan, don akwai diyyar hatsarin aiki ta jiha, hanyarta daban.

Sai maganar dawowa gida, wadda na san ita ce ta fi tsaya miki a rai. Ba zan ce miki ba ki da gaskiya ba. Majiyyaci yana bukatar iyalinsa, kuma zaman ɗaki a can ga marar lafiya abu ne mai ɗaci. Amma ku san abin da tafiyar za ta jawo in aka yi ta yanzu. Wata shida ba tare da ganin likita ba, a idon mai tantancewa alama ce ta sauƙi. Barin maganin da likita ya rubuta ba tare da dalili mai ƙarfi ba yana iya zama hujjar hanawa, ko da yake rashin kuɗin magani dalili ne da suke saurara in an faɗa. Ƙaho da sassaƙe da ɗori, ko sun yi amfani, ba sa barin takarda. In ya zama dole ya zo, ya riƙa zuwa asibiti a nan, ya adana duk takardar gwaji da ta magani da hoton da aka yi masa, ko da Faransanci suke, ya miƙa wa lauyansa. Kuma wasiƙun hukumar za su ci gaba da zuwa adireshinsa na can, kowace da wa'adinta.

Ko bayan an ba shi akwai abin lura. Ba a biyan wata biyar na farko daga ranar da aka yarda naƙasar ta fara, inshorar lafiya ta Medicare kuma sai bayan wata 24 da fara cancantar kuɗin. Wanda ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa yana iya cin kuɗinsa yana zaune a Maradi. Wanda bai karɓa ba, ƙa'idar ita ce ana tsayar da biya in ya wuce wata shida a waje, sai in ya faɗa cikin waɗanda aka keɓe gwargwadon ƙasarsu da shekarun aikinsu, don haka ya tambayi ofishin a rubuce kafin ya sayi tikiti. Ban da SSDI akwai wani tallafin, SSI, na marasa galihu ne da dukiyarsu ba ta wuce dala 2,000 ba, kuma yana tsayawa da mutum ya yi kwana 30 a waje. Ya duba wanne cikin biyun ke rubuce a saman takardarsa.

Yau da dare in kun yi waya, ki ce ya ɗauki hoton takardar ƙin, shafi duka, ya turo miki ta WhatsApp. Ku duba ranar da ke samanta, ku ƙara kwana 65, ku rubuta wannan rana a inda ku biyun za ku riƙa gani. Sannan ki tambaye shi yadda yake salla yanzu, a tsaye ko a zaune, da kuma tun yaushe, ki ce ranar da zai koma asibiti ya fara gaya wa likita wannan.